Kafin Ka Tura Bidiyon Nan Na Zuma Da Ƙuna, Ji Abin Da Ya Faru A Gidanmu

Na san ka taɓa cin karo da shi, ke ma haka. Bidiyo ne gajere da bai kai minti ɗaya ba. Za a nuna hannu ya ƙone ya yi jawur, sai wani hannun ya shigo da cokali cike da zuma ya shafe wurin, sai a rubuta "bayan kwana bakwai", a nuno fata ta koma sumul kamar ba abin da ya taɓa samun ta. A ƙasa kuma an ƙara da cewa wai likitocin Turai ma yanzu da zuma suke aiki, don haka ka tura wa mutum goma ka samu lada. To ni na tura. A guruf ɗin gidanmu na WhatsApp na jefa shi, har da ƙarin nawa a ƙasa: "A ajiye wannan, wata rana zai yi amfani."

Ba a yi wata biyu ba ranar ta zo. Muna hutu, hunturu ya kankama, ina gida. Yaron yayata, ɗan shekara uku, ya jawo filas ɗin shayi daga kan tebur, murfin bai rufu da kyau ba, ruwan ya kwararo masa tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. In ka taɓa jin ihun yaron da ya ƙone, ka san ba ya barin kunne. Nan da nan gida ya cika. Umma ta ce a nemo gashin zomo, maƙwabciyarmu ta ce makilin, wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai. Da wata yarinya ta ɗauko buta za ta zuba masa ruwa, tsawa aka daka mata, wai ruwa ne ke sa ƙuna ta ɗuri ruwa. Sai Yaya ta juyo ta dube ni, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Ke ce 'yar jami'a, ba ke kika turo mana na zuma ba?" Na ce ƙwarai kuwa. Da hannuna na ɗauko gorar zumar da muka saya wurin wani mai talla, na kwarara masa, muka naɗe da tsohon ɗankwali.

Kwana biyu muna ta yi wa kanmu barka. A na uku jikinsa ya yi zafi zau, ya ƙi nono ya ƙi abinci, wurin ya fara wari. Da muka isa asibiti nas ɗin ta kwance ɗankwalin da ya manne da nama, ba ta yi mana faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Hajiya, yau kwana nawa?" Umma ta ce uku. Ta girgiza kai ta ci gaba da aikinta. Kwana goma sha ɗaya muka yi a kan gado.

Ba zan yi maka ƙarya in ce zuma ce kaɗai ta jawo wannan ba. Likitan da ya duba shi ya lissafa mana abu uku: ba mu sanyaya ƙunar da ruwa ba, mun rufe ta da ƙyallen da ba shi da tsafta, sannan mun zauna a gida da ƙunar da tun ranar farko ta asibiti ce. Amma ni na san abin da ya zaunar da mu. Mun zauna ne saboda mun ɗauka mun riga mun yi magani. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da na ce masa, cikin jin kunya, ashe dai maganar zuman nan ƙarya ce, sai ya ce, "A'a ƙanwata, ba ƙarya ba ce. Ana sa zuma a ciwo, har a asibiti. Sai dai wace zuma, a wane ciwo, kuma wa ya sa?" Tambayoyin nan uku su suka hana ni sukuni har na koma makaranta na zauna na yi ta karatu a kai, kuma abin da na samo shi nake so mu tattauna yau.

Mu fara ba zuma haƙƙinta, don ta cancanta. Tun zamanin Fir'aunoni mutanen Masar ke haɗa ta da kitse da zare suna rufe rauni, kuma rubutunsu na likitanci da ya haura shekara 3,000 yana nan a ajiye. Mu kuma Musulmi mun tashi da sanin cewa Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli. Kimiyyar zamani ba ta zo ta ƙaryata wannan ba, bayanin yadda abin ke faruwa ta kawo. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan cikinta bai kai kashi 20 ba. Wannan kaurin yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta, su kasa hayayyafa. Tana da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji saboda zaƙi, kuma yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da ciwo ba sa son wuri mai tsami. Akwai kuma wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa a cikinta, wanda idan ta gauraya da danshin ciwo yake sakin haidirojin farokzaid kaɗan-kaɗan, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, amma a ɗan ƙaramin ma'aunin da ba ya cin nama. Bayan haka tana riƙe danshi a kan rauni, bandeji ba ya mannewa sosai, wari yana raguwa.

Zumar da ta fi suna a wannan fage ita ce manuka, daga ƙasar New Zealand, wadda ƙudan zuma ke haɗawa daga furen wata bishiya mai wannan suna. Wani masani mai suna Peter Molan na Jami'ar Waikato ya shafe shekaru tun daga wajen 1980 yana bincike a kanta, ya lura tana kashe ƙwayoyin cuta ko da an kawar da wancan sinadari mai kumfa. Sai a 2008 masu bincike a birnin Dresden na Jamus suka wallafa cewa sirrin wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da MGO. Shi ya sa za ka ga an rubuta MGO da lamba a jikin kwalbarta. A 2007 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da bandeji mai zuma da ake kira Medihoney don kula da raunuka. Ka ga ke nan mai bidiyon bai yi ƙarya ba da ya ce likitocin waje na amfani da zuma. Rabin maganar ya faɗa, ya haɗiye rabi.

Rabin da ya haɗiye shi ne wannan. Zumar asibiti ba daga amya ake matso ta a ɗura a bututu ba. Ana tace ta, a gwada ta a ɗakin bincike a tabbatar da ƙarfinta, a duba ko akwai ragowar maganin ƙwari a ciki, sannan a haska mata wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma domin kashe duk wani abu mai rai da ya ɓuya a cikinta. Me ya sa ba a tafasa ta kawai? Saboda zafi yana lalata sinadarin nan da ƙudan zuma suka zuba, hasken kuwa yana barin sa. Me kuma zai ɓuya a cikin abin da aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta? Akwai ƙwayoyin da kan dunƙule kansu cikin ɓawo mai tauri su yi lamo, zuma ba ta kashe su, jira kawai suke su samu wurin da ya dace su farka. Saboda irinsu ne ma likitoci ke hana a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Ƙuna kuwa ƙofa ce a buɗe. Fatar da Allah ya yi mana katanga da ita ta tafi, duk abin da ka ɗora a wurin ya samu hanyar shiga jiki.

Yanzu ka tuna gorar da ke kicin ɗinku. A ina aka samo ta? A gargajiyance da wuta da hayaƙi ake cire zuma, a matse saƙar da hannu, wani lokaci har da 'ya'yan ƙudan da toka a ciki, wasu ma su ɗora ta a wuta don ta narke ta rabu da kaki. Daga nan a ɗura a jarka, daga jarka zuwa gorar ruwan da wani ya sha ya yar, a yi ta yawo da ita a rana. Wannan fa idan zumar gaske ce ke nan. Kowa ya san yadda ake dafa sukari a yi masa kala a sayar da sunan farar saƙa. Kada ka ce halin mutanenmu ne kawai: a 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa samfura 320 na zumar da ake shigar mata daga ƙasashen waje, aka samu kashi 46 cikin 100 ana zargin an yi musu haɗi. Su da ke da na'urori ke nan. Mu kuwa gwajinmu bai wuce tsoma tsinken ashana a ga ko zai kama, ko ɗiga ta a ruwa a ga ko za ta nutse, ko a zuba ido a ga ko tururuwa za ta bi ba. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai iya tsallake duk waɗannan, kuma ko zumar ta tsallake da gaskiyarta, babu ɗayansu da ke gaya maka ko tana da tsaftar da za ta hau buɗaɗɗen nama.

Na san akwai mai karatun da zai tare ni a nan, don a makaranta ma an tare ni. Wani ɗan ajinmu ya ce, to ai a nan Najeriya an yi amfani da zumar gida a asibiti an ga aiki. Gaskiyarsa. A 1988 wani likitan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa rahoto a wata babbar mujallar likitocin tiyata ta Birtaniya kan marasa lafiya 59 masu raunuka da gyambo, waɗanda akasarinsu magungunan da aka saba suka gaza a kansu. Ya sa musu zumar da ba a sarrafa ba, 58 suka samu sauƙi. Abin alfahari ne, kuma na so a ce matasanmu sun san sunansa kamar yadda suka san na 'yan ƙwallo. Amma dubi yadda aka yi aikin. Likita ne ya ga raunin da idonsa, aka ɗebi samfuri aka kai ɗakin gwaji, ana wanke wurin ana sauya bandeji mai tsafta, ga ma'aikata a kusa in abu ya canza. Mu a tsakar gidanmu zumar kawai muka ɗauka daga cikin wannan jerin, muka bar sauran duka.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci, wanda babu bidiyon da na taɓa gani ya faɗa: ƙuna iri-iri ce. Akwai ta sama-sama, fata ta yi ja tana zafi, babu bororo, wannan takan warke cikin 'yan kwanaki ko ba a sa komai ba. Akwai wadda ta ci wani sashe na kaurin fata, ta ɗuri ruwa, tana raɗaɗi kamar rai zai fita. Sai wadda ta cinye fatar gaba ɗaya, wurin ya yi fari fat ko ya yi baƙi, ya yi tauri kamar ƙirgi. Ita wannan ta ukun sau da yawa ba ta da zafi sosai, domin jijiyoyin da ke kai saƙon zafin ma sun ƙone. Wato wanda ya ce maka "ai ba na jin komai" yana iya zama shi ne ya fi shiga haɗari. Kuma ƙuna takan ƙara zurfi cikin kwana biyu zuwa uku na farko, har ƙwararrun likitoci sukan sake dubawa kafin su yanke hukunci. Ni da ke karanta aikin jarida, da wane ido zan bambance?

Binciken da aka yi ya bi wannan bambancin. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace mai ƙarfi daga mai rauni, ta duba gwaji 26 da aka yi da zuma a kan mutum fiye da 3,000 masu raunuka daban-daban. A kan ƙunar tsakiyar nan, wadda ba ta cinye fata duka ba, ta samu hujja mai kyau cewa zuma na sa a warke da wuri da kimanin kwana 4 zuwa 5 idan aka kwatanta da wasu bandejin da aka saba amfani da su. A sauran nau'o'in ciwo da yawa kuwa ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. Da yawan gwaje-gwajen ƙunar likita ɗaya ne ya yi su, Subrahmanyam, a garin Solapur na Indiya. Shi ɗin dai, mutumin da ya fi kowa gwada zuma a kan ƙuna, ya wallafa a 1999 cewa a ƙunar da ta yi zurfi, yanke mataccen nama da wuri a yi dashen fata ya fi sa zuma. Idan shi ya iya faɗin inda zuma ta tsaya, ban ga dalilin da mai sayar da ita a TikTok zai ce mana tana maganin kowace ƙuna ba.

Babbar ƙuna ma ba a fata take kisa ba. Ruwan jiki ne ke tsiyayewa ta wurin, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta tsaya. Maganin wannan ƙarin ruwa ne ta jijiya cikin sa'o'in farko, kuma ko tulu guda na zumar manuka ka juye wa mutum ba zai maye gurbin leda ɗaya ta ƙarin ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta fashe a watan Oktoban 2024 ta hallaka fiye da mutum 150, ga kuma ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. A irin waɗannan ranaku ne saƙonnin "ga maganin ƙuna a sauƙaƙe" suka fi yawo a wayoyinmu, kuma a ranakun ne suka fi haɗari.

Wani zai ce mini, to ke kina jayayya da abin da addini ya tabbatar ne? Allah ya kiyaye. Na yi imani akwai waraka a zuma, kuma ina shan ta. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce wanda ƙashinsa ya karye ya shafa zuma ya ƙi zuwa wurin mai ɗori ba. Addinin da ya yabi zuma shi ne ya umarce mu da neman magani da tambayar masana. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu 'yan kasuwar intanet ke fakewa da wannan imanin namu. Sun san ba wanda zai so a gan shi yana musu da aya, sai su jingina hajarsu da ita, duk wanda ya tambayi ina aka gwada wannan zumar a ce masa mai raunin imani. Tambayar ingancin gorar da ke hannunka daban, imani da waraka daban.

To me ya kamata mu yi ran nan? Abin da yarinyar nan mai buta ta so yi, aka daka mata tsawa. Ruwa. Ruwa mai sanyi daidai, irin na famfo ko na randa, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. Ba minti biyu ba, ashirin cur, ka duba agogon wayarka. Ko an ɗauke abin da ya ƙona mutum, zafin da ya shiga nama yana ci gaba da dafa shi, ruwan ne ke fitar da shi, ya rage zurfin ƙunar, ya rage raɗaɗi. Ko an makara, yana da amfani har cikin awa uku na farko. Bororon da ake tsoro kuwa ƙunar ce ke kawo shi, ko an zuba ruwa ko ba a zuba ba. Na san ba kowane gida ke da famfo mai zuba ba, namu ma babu. Buta ta isa, kofi da bokiti sun isa, ledojin fiya wata ma sun isa, in dai ruwan mai tsafta ne. Ƙanƙara ce ba a so, don tana matse jijiyoyin jini ta ƙara lalata naman. Idan ƙaramin yaro ne, musamman a hunturu, a sanyaya wurin ƙunar kaɗai a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi.

Ana cikin zuba ruwan a cire zobe, agogo, awarwaro da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura. A cire rigar da ta jiƙe da ruwan zafi, amma in ta manne da fata a bar ta, a yanke kewayenta. Kada a fasa bororo. Bayan nan a rufe da abu mai tsafta wanda ba ya barin gashi, sabuwar ledar naɗe abinci ta fi, a ɗora ta sakwa-sakwa ba tare da ɗaurewa ba, in babu a sa wankakken ƙyalle. Makilin, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, gishiri, ƙullun koko, gashin zomo, duk a bar su inda suke. Wasu suna riƙe zafi, wasu suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma dukkansu sai an kankare su a asibiti kafin likita ya ga abin da ke ƙasa. Na ga yadda ake kankarewar nan a jikin ɗan shekara uku. Ba na fatan ka gani.

Wace ce ta asibiti? Duk ƙunar da ta fi tafin hannun wanda ya ƙone faɗi. Duk wadda ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, ko ta zagaye hannu ko ƙafa kamar munduwa. Ta wutar lantarki, ko da ƙaramin tabo ne a waje, don ɓarnarta a ciki take. Ta ruwan batir da sauran sinadarai. Wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen ɗaki. Wadda ta yi fari ko baƙi. Jariri, ƙaramin yaro ko tsoho kuwa, ni dai ra'ayina kada ma a tsaya aune-aune. Ƙunar gaɓa tana da wani sharri da ba a gani sai daga baya: in ta warke ba bisa ƙa'ida ba fatar takan tattare, hannu ya ƙi miƙewa, yatsu su manne da juna, abin da za a yi da bandeji ya koma sai tiyata. Ko ƙaramar ƙunar da aka bari a gida, irin ta salansar babur da kusan kowannenmu ke da tabonta a ƙwauri, in ta fara wari, ko mugunya, ko jan ya fara yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, zama ya ƙare. A tambayi allurar tetanus ma idan an je.

Na san abin da ke ranka: kuɗi. Ba don son gargajiya kawai mutane ke gudun asibiti ba, aljihu ne. Jinyar ƙuna tana da tsada, bandeji kullum, magani kullum, mai jinya ya bar sana'arsa. Ba zan raina wannan ba, don na ga yadda mijin Yaya ya sayar da wayarsa a kwana na shida. Amma lissafin da muka yi na gudun kashe kuɗin rana ɗaya shi ya kai mu ga biyan na kwana goma sha ɗaya. Ita kuma zumar asibitin ta gaske, ba kowane kemis za ka same ta ba, in ka samu ma daga waje aka kawo ta, da farashin dala.

Nan ne nake ganin ya kamata mu karkata surutunmu na intanet. Muna da zuma a ƙasar nan, ta tsaunin Mambila ma ta yi suna. Muna da jami'o'i masu sassan haɗa magunguna da nazarin ƙwayoyin cuta. A Sheda, kusa da Abuja, gwamnati ta gina cibiya mai na'urar hasken gamma, irin hasken da ake tsarkake zumar asibiti da shi. Likitanmu na Kalaba ya nuna hanya tun 1988. Me zai hana a ce yau akwai zumar asibiti 'yar gida, wadda aka gwada, aka tsarkake, NAFDAC ta yi mata rajista a matsayin ta ciwo, nas a ƙaramin asibitin ƙauye ta ɗauko ta a farashin da talaka zai iya? Da masu kiwon zuma sun samu kasuwa, da marasa lafiya sun samu sauƙi. Wannan ce tambayar da nake so in ga tana yawo a sitatus, a yi ta jefa wa 'yan majalisa da kwamishinonin lafiya ita har su gaji. A kula kuma, lambar NAFDAC a jikin kwalbar zumar sha tana nufin an yarda a ci, ba ta nufin an yarda a zuba a ciwo.

A aji ana koya mana cewa a da edita ne mai tsaron ƙofa, labari ba ya fita sai ya bi ta hannunsa. Yanzu ƙofar tana hannun duk mai data. A gidajenmu kuwa abin ya fi haka nauyi, domin iyayenmu ba sa tantance saƙo da inda ya fito, da wanda ya turo suke tantance shi. Umma ba ta san mai bidiyon nan ba, ni ta sani, 'yarta da ke jami'a. Sunana ne ya zama hatimin da ke kansa. Kai ma haka kake a gidanku ko ba ka lura ba. Daƙiƙa nawa zai ɗauke ka ka tambayi kanka: wa ya yi bidiyon nan, likita ne ko mai neman a saya? Hannun da aka nuna a farko shi ne na ƙarshe? Ya faɗi irin ƙunar da bai kamata a gwada a kanta ba? In akwai lambar waya a ƙarshe da "muna turawa ko'ina a faɗin ƙasa", ai ka san talla ka kalla.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Hannun yana miƙewa, sai dai akwai tabo mai faɗi a damtsensa wanda ya fi sauran jikinsa haske, kuma an ce a riƙa shafa masa mai ana motsa gaɓar na wasu watanni. Ranar da aka sallame mu na koma guruf ɗin na nemo bidiyon don in goge, na tarar lokacin gogewa ga kowa ya wuce tuni. Sai na rubuta dogon bayani a ƙarƙashinsa, na ce ni na turo kuma na yi kuskure, ga abin da ya kamata a yi. Mutum biyu ne suka amsa. Shi kuwa bidiyon, wata gwaggonmu ta gaya mini ta riga ta tura shi guruf ɗin matan unguwarsu tun a makon farko, kuma ba ta san adadin waɗanda suka ɗauka daga can ba.